Mis Vernell da Motar Yaran Gona

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mis Vernell Hightower a asibitin gundumarmu da ke kudancin Jojiya, tana da shekara sittin da uku. Na sauke yara ke nan a ƙofar makaranta sai 'yarta Renita ta kira ni. Ba ta yi dogon bayani ba. Cewa ta yi, "Anti Earlene, Mama ta tafi." Na kashe mota na zauna riƙe da sitiyari, har mai shara ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi yana tambaya ko lafiya.

Mis Vernell, karatuna bai yi nisa ba, kin sani. Amma tun ranar da aka binne ki mutane suke kallona wani iri a majami'a da kanti, kuma akwai abin da nake gani yana tahowa wanda ba zan iya yin shiru a kansa ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara da shekaru ke ce kike kula da kuɗin da gwamnatin tarayya take aiko wa makarantunmu. Kuɗin nan ba a dunƙule yake zuwa ba. Kowane kashi da waɗanda aka aiko shi dominsu: wannan na abincin yara, wannan na masu naƙasa, wannan na 'ya'yan ma'aikatan gona masu bin kaka. Aikinki shi ne kada rabon wani ya faɗa bakin wani. Masu bincike suna zuwa daga babban birnin jiha idan ganye ya fara zuba, kuma in suka tarar an karkatar da abu, sai a rufe famfon gaba ɗaya. Ba a taɓa rufe mana ba a zamaninki. A gundumar da ke maƙwabtaka da mu an rufe, kuma duk wanda ya bi hanyar can da rani yana ganin yaransu a gonakin kankana, ƙananan kawuna cikin manyan huluna.

Daga rabon yaran gona kika sayi farar motar da nake tuƙawa. Iyayensu suna zuwa daga Meksiko da Gwatamala lokacin cirar albasa, su zauna har a gama kankana, sannan su yi arewa. Gidajen kwanon da ake sauke su suna can bayan ƙarshen kwalta, inda babbar motar makaranta ba ta shiga. In babu farar motar nan, babu karatun rani, babu abincin rana, sai gona.

Ni a kamfanin gyaran kaji kika tsince ni, hannuwana sun kumbura ba na iya ɗaura takalmi. Kika matsa mini na yi lasisin tuƙa yara, kina yi mini tambayoyin jarrabawa a bayan majami'a bayan an tashi sujada. Ranar da na fara aiki kika buɗe ƙofar motar, kika nuna mini wani ɗan ƙarfe kamar faɗin yatsa biyu da aka kafe a jikin ƙofar, da lamba a kansa. Kika ce, "Earlene, kin ga wannan? Shi ne yake cewa motar nan ba tawa ba ce, ba taki ba ce, ba ta hukumar makarantu ba ce. Ta yaran can ce. Mu 'yan riƙo ne." Haka kike gaya wa yaran ma. Duk sabon da ya zo sai kin kama yatsansa kin ɗora a kan ƙarfen kin ce, "Sunanku ne a nan." Har ya zama musu al'ada, kowa ya zo shiga sai ya taɓa.

A gari ana kiranki Mis A'a, kuma kin sani. Ni ma na ɗanɗana. Shekarar da ƙodar mahaifiyata ta lalace, ana kai ta wankin jini, tsohuwar motata ta mutu. Na zo ofishinki ina kuka na roƙe ki ki bar ni na riƙa kai ta da farar mota bayan na sauke yara. Kika dube ni kika ce a'a. Na fita ina jin haushinki har wuya. Washegari da sassafe na ji hon a ƙofar gidanmu, ashe ke ce a cikin taki motar, kin shimfiɗa bargo a kujerar baya. Haka kika yi ta kai ta kina dawo da ita har Allah ya ɗauke ta, kuna tafe kuna musu a kan wanda ya fi iya dafa ganyen kabeji. Mutanen da suke kiranki Mis A'a sun ji a'ar, ba su ga bargon ba.

Wanda ya fi kowa shan a'ar taki shi ne Dikin Cleon Strickland, dattijon majami'armu kuma shugaban hukumar makarantu. Ajinku ɗaya tun firamare, don haka ba kwa jin nauyin juna. Ya nemi motar don 'yan ƙwallo, ya neme ta ranar zaɓe don ɗaukar tsofaffi, ya neme ta don taron majami'u. Ina tuna wata Asabar a wajen suyar kifi, ya zo da faranti cike ya zauna kusa da ke.

"Vernell, motar nan fa tana kwance Asabar da Lahadi tana ƙiba kamar ni. Bari mu ɗan motsa mata jini."

"Bar ta ta yi ƙiba, Cleon. Ita dai likita bai hana ta kifi ba."

"Rana ɗaya tak. Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Kai ma za ka sani, shi ya sa za ka dawo mako mai zuwa."

Kowa ya yi dariya, har shi. Amma na ga yadda dariyar ta tsaya masa a leɓe ba ta kai ido ba.

Ciwonki kin ɓoye shi har ya ci ƙarfinki. Zuwana na ƙarshe asibiti na same ki kin rame, muryarki ta zama kamar ta wata. Kika sa Renita ta fita ta samo miki ruwa, sannan kika riƙe hannuna. Kika ce, "Earlene, in na tafi za su zo. Ba da faɗa za su zo ba. Za su zo da dalili mai kyau, irin wanda in kin ce a'a kowa zai ce ba ki da zuciya. Za su ce sau ɗaya ne. Daga sau ɗayan nan motar ta daina zama ta yara." Na ce ki daina irin wannan magana, za ki tashi. Kika ce, "Kada ki yi mini ƙarya, ba ki iya ba."

Ban taɓa zaton dalilin da za su zo da shi ke ce ba.

Ranar Juma'a, ana gobe jana'iza, muna gidanki mata suna ta shigo da kwanukan kaza da wainar masara, Dikin Strickland ya ja ni gefe a baranda. Ya ce motar majami'a ta lalace, kuma maƙabartar danginku tana da nisa, tsofaffin mata ba su da abin hawa. Ya ce, "'Yar'uwa Earlene, ki wanke farar motar nan, a ɗaura mata baƙin ƙyalle, ta bi bayan gawa. Wace karramawa ta fi wannan? Motarta ce fa."

Na ce, "Dikin, ba motarta ba ce. Ita ta gaya mini."

Ya yi murmushi ya dafa kafaɗata. "Baƙin ciki ne yake damunki. Ki kwana a kai, na san gobe za ki zo da ita."

Ban zo da ita ba. Shi kuma bai nemi wata mota ba, don ya tabbata zan karaya. Aka fito da akwatinki daga majami'a, motoci suka cika suka jeru, sai ga tsofaffi tsaye a rana da fararen hulunansu da sandunansu, har da goggonki mai shekara casa'in. Dikin ya ɗaga murya yadda kowa zai ji ya ce, "To, iyayenmu, ku tambayi Earlene. Makulli yana jakarta." Duk idanu suka dawo kaina. Wata da muka taso tare ta ce, "Kai, wannan mata, ko ranar mutuwa?" Amma ban buɗe jakar ba.

Da tawa motar na yi ta jigilar su. Goggonki na fara kaiwa. Na dawo na ɗauki wasu, na sake dawowa. A zuwan ƙarshe na tarar da Doña Amparo, uwar yara uku daga cikin waɗanda nake ɗauka, ita da wasu mata biyu sun baro gona da kayan aiki a jikinsu, suna tsaye nesa da ƙofar majami'a don ba su san ko ana son su a ciki ba. Na ce su shigo mota. Kafin mu isa an gama addu'a, mutane suna watsewa, maza suna ta zuba ƙasa. Ban ga saukar da ke ba, Mis Vernell. Ke da kika ɗauke ni kamar ƙanwa, jar ƙasa kawai na tarar. Doña Amparo ta durƙusa ta ajiye furannin da ta tsinko a bakin hanya cikin gwangwanin tumatir, ta yi miki addu'a da harshensu.

Renita, na san kin neme ni a bakin kabari ba ki gan ni ba. Dalilin ke nan. In na ɓata miki, ki yafe mini.

Da abin ya tsaya a nan da na haƙura da kallon da ake yi mini. Amma jiya Litinin da na je ɗaukar mota a garejin makaranta, na buɗe ƙofa, ƙarfen nan babu shi. An ɓamɓare shi, sai ƙananan ramuka inda kusoshi suke. Na tambayi masu gareji, kowa ya ce bai sani ba, kowa yana kallon ƙasa. Da rana na wuce ta ofishinki na ga an sauke labulenki, an fitar da tukunyar furenki waje ta bushe. A kujerarki mijin 'yar ɗan'uwan Dikin ne yake zaune, wai na riƙon ƙwarya. Ya tashi da fara'a ya gaishe ni, ya ce hukuma za ta zauna ranar Alhamis, kuma daga nan duk makullan motoci za su koma rataye a wuri ɗaya, don sauƙin aiki. Ya ce in kwantar da hankalina, babu abin da zai canja.

Watan Agusta 'yan ƙwallo za su fara tafiye-tafiye. Bayansu masu bincike za su zo. Ni ban san dokokin da kika sani ba, ban iya karanta manyan takardun nan ba. Amma na san hanyar gundumar maƙwabta, na san abin da ake gani a gonakinta.

Jiya da safe Yesenia, ƙaramar 'yar Doña Amparo, ta zo shiga mota ta miƙa yatsa kamar kullum. Ta shafa wurin, ta sake shafawa. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Mis Earlene, wa ya cire sunanmu?" Na ce ta zauna, za mu makara. Duk hanya babu yaron da ya yi waƙa.

Ranar Alhamis zan je gaban hukumar. Ban taɓa magana a taro ba, kuma na san mai yiwuwa aikina ya tafi tare da makullin. Zan gaya musu abin da kika gaya mini ranar da na fara aiki, iyakar abin da nake da shi ke nan. Ina roƙon duk wanda ya taɓa jin hon ɗinki a ƙofar gidansa, kuma na san muna da yawa, ya zo ya zauna a bayana ko da ba zai ce komai ba.

Allah ya jiƙan ki, Mis Vernell. Ya gafarta miki kurakuranki, ya karɓe ki cikin salamarsa, ya ba ki hutun da ba ki samu a nan ba. Ya saka miki da alheri a kan kowane yaron da ya ci abinci ya koyi karatu saboda kin ƙi a taɓa rabonsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Renita da 'ya'yanta, da ƙaninki Alton, da goggonki da ta tsaya a rana saboda ni, da dukan dangin Hightower. Ubangiji ya ba ku haƙuri, ya share muku hawaye. Ya kuma taɓa zuciyar waɗanda suka gaji kujerarki, tun kafin a rufe mana famfo.

Yau Talata, mako biyu da tafiyarki. Makulli yana jakata. Gobe da safe zan je bayan ƙarshen kwalta in ɗauko su, jibi ma haka. Ranar Juma'a kuwa za su fito su tsaya a bakin hanya da jakunkunansu kamar kullum, don ban sami bakin gaya musu komai ba.

Earlene Boykin