Masinja da Littafin Cikin Fayil

"Fayil na ce ka kawo, ko labarin 'yan leƙen asiri?" Muryar manaja ce ke ratsa bango, har malamar da ke jiran a buga mata hatimi ta gyara zama. Ɗaya muryar ba ta wuce "Ranka ya daɗe" ba, sau uku, kowanne ya fi na baya sanyi.

Sai ga masinja ya fito: dattijo siriri, wuyan rigarsa ya sha guga har ya koɗe, tabaraunsa ɗaure da zare. Ashe a fayil yake ɓoye littafinsa don a ɗauka aiki yake, yau kuma ya miƙa fayil ɗin a gaban baƙi.

Yana kwashe kayansa daga aljihun tebur, kofi da littattafai huɗu marasa bango, yana shafa kowanne kafin ya sa a leda. Zuciyar malamar ta ba ta cewa ba daɗin labari kaɗai yake bi ba. Wanda ya shekara ashirin a benci ɗaya yana jiran ƙararrawa, a takarda kawai yake ganin wanda aka kulle ya fasa taga ya tsira.

A bakin ƙofa ya juyo. "Malama, aiki kam ya tafi. In kin shiga, ki roƙar mini littafin. Na bar bawan Allah ɗaure a but ɗin mota, ba wanda ya san yana ciki sai ni."