Nisan da Safiyatu Ta Yi

Uwaisu ɗan ƙanena ne, direban adaidaita a Dutse. Turancinsa bai cika ludayi ba, amma zuba shi yake kamar mai randa. Har yau ina dariyar rigimarsa da Maman Jemimah, mai sayar da shinkafa kusa da sakatariya. Tana yabon 'yarta ta ce, "She has come a long way a lissafi."

Uwaisu ya ajiye cokali. "Haba Maman Jemimah! Makarantar bayan gidanku? Ni nake kai ta fa. Wane nisa?"

"Oga Turanci, ba titi ake nufi ba. A da sifili take ci, yanzu ta wuce rabin aji. Ci gaba kenan. Cinye ka ba ni kwanona."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ya daɗe yana kauce wa layin.

Bana matarsa Safiyatu ta haihu a Kiyawa, jini ya ƙi tsayawa, ya kwashe ta a kekensa sai asibiti a Jahun. Bakin nan da ba ya hutawa ya mutu. Ya bar aiki, ya bar ci, ya ba da jininsa har aka ce ya isa. Na gan shi tsugune a gindin bango da takalmi ɗaya a ƙafa, bai ma sani ba.

Wata safiya likita, baƙo ne ba ya jin Hausa, ya duba ta ya ce, "She has come a long way," ya wuce ɗakin tiyata. Falalu, yayan Safiyatu, wanda Turancinsa ƙanin na Uwaisu ne, ya yi salati.

"Ya ce ta yi nisa."

Kun san mu. In aka ce majiyyaci ya yi nisa, likkafani ake tunani. Uwarta ta fashe da kuka. Falalu ya naɗe tabarma, ya ce a zare mata robar ƙarin ruwa, ta je ta cika a ɗakin uwarta. Ni kaina, duk tsawon harshena, na soma haɗa kwanuka.

Uwaisu ya tare ƙofa.

"Yaya, sauƙi take samu a hankali. Maman Jemimah ta taɓa..."

"Mai shinkafa? Kai da aka yi wa dariya a kan Turanci? Matsa, ƙanwata ce."

"Gwaggo, ki yi magana don Allah!"

"Ɗan nan, me zan ce? Ni Turancina 'come' da 'go' ne kawai."

Ya zuba mini ido, hawaye na bin gemunsa. Abin da ya faɗa ne ya sa Falalu ya mayar da tabarma ƙasa, Safiyatu kuwa ga ta nan yau da goyonta.

"To su ɗin sun isa. Yaya, 'come' likita ya ce, bai ce 'go' ba. Daga bakin kabari ta yo nisan, tahowa take yi. Mai son mayar da ita sai ya bi ta kaina."