Khadka da Bangon Gabas

A ƙauyenmu da ke kan duwatsun Myagdi babu wanda Khadka Pun bai zaga ba. Ya zagi mai shago, ya zagi akuyarsa, ni ma maƙwabcinsa kullum da rabona. Wuri ɗaya ne bakinsa ke mutuwa: gindin bangon gabas na gidansa, inda ƙudan zuman marigayiya mahaifiyarsa ke zaune cikin ramin bango. Kowa a nan ya san ƙudan zuma ba sa zama gidan da ake faɗa.

Matarsa Tulmaya ta daɗe da gane wannan. In ta fasa tulu, ko ta ba wa 'yan'uwanta gero, sai ta jira ya zauna a gindin bangon ta gaya masa. Shi kuwa sai ya yi murmushi, jijiyar wuyansa na rawa.

Da damina ta ja baya bara, sai rina ta sauko, irin manyan nan masu kaurin babban yatsa. Su tsaya a bakin ramin, su cafke ƙudan zuma, su cire masa kai. Khadka ya wuni yana make su da silifa, ba ko uffan. Amma amyar sai raguwa take, kuma ita kaɗai ta rage masa daga tsohuwar. Ya ba ni tausayi ƙwarai.

Sai muka yi yadda aka saba don gano gidan rinar. Muka soke nama a tsinke, rina ta sauka tana yanka, muka zarga mata zare a ƙugu da farin gashin kaza. Ta tashi, Khadka ya bi ta, kansa a sama, ya ratsa gonar gero, ya faɗa kwatami, ya tashi ya ci gaba. Gashin ya shige wani rami a bayan gonar ƙanensa Jitman, wanda suka yi shekaru ba sa ga-maciji. A bakin ramin ga sanda an kafa da ƙyalle, alamar gidan rinar yana da mai shi. A nan muna cin 'ya'yan rina, kuma wanda ya fara ganin gidan shi ke soya su.

"Yaya, sannu da gudu," in ji Jitman. "Gidan nan nawa ne. Bari 'ya'yan su yi ƙiba tukuna."

"Da ƙudan Inna kake kiwonsu!" in ji Khadka.

Na toshe kunne ina jiran zagi. Sai kawai ya damƙi hannun Jitman, ya ja shi har bangon gabas, ya nuna masa ƙasa. Kawunan ƙudan zuma ne birjik. Sama da ramin kuma ga shatin yatsun mahaifiyarsu a jikin yumɓun da ta shafe shi da shi. Jitman ya daɗe yana kallo.

"Yaya, nemo ƙaiƙayi mu yi hayaƙi," ya ce a hankali.

Aka tone gidan rinar, muka ci 'ya'yan rina ramammu, ƙudan zuma suka tsira.

Sai dai Jitman ya gano abin da Tulmaya ta sani. Yanzu kullum da hantsi yakan zo da shayinsa, ya jingina da bangon, ya zayyane wa yayansa duk abin da ya tara a ciki tun rabon gado. Khadka yana ta murmushi, kuma shi da kansa yake ajiye masa kujera.