Rabin Farantin Iya Mairam

Duk wanda ya zauna a unguwar bakin kogi a Haɗeja ya san Iya Mairam, in bai san fuskarta ba ya san ƙamshin cukunta. A ruga ta tashi, can wajen Baturiya, inda ta koyi ɗiga ruwan tumfafiya a madara mai zafi har ta kama. Aure ya kawo ta gari, gidan Malam Shu'ibu mai noman kankana a fadama. In bazara ta kankama baƙi suka yi sallama, kafin su gama gaisawa ta soya cuku da man shanu, shi kuma ya fasa kankana, a haɗa a faranti guda, ga gishiri ga sanyi. Har ƙirƙiro ziyara mutane suke yi.

To, Malam ya rasu, yara suka watse, baƙin ma ashe nasa ne. Shekara uku ke nan Iya na cin abinci daga ita sai bango. Kankana kuwa ta daina saye. Wa zai fasa ta don mutum ɗaya, a zafin da kafin dare ta yi yami?

Wata Alhamis autarta Adila, mai aikin jinya a Dutse, ta bugo waya: motar aikinsu za ta ratsa Haɗeja, za ta leƙo, minti ashirin kacal. Iya ta yafa mayafi ta nufi kasuwa. Kankana bakwai ta ƙwanƙwasa kafin ta yarda da ɗaya. Ta dawo ta haɗa cuku, amma wuƙa ba ta taɓa ba sai da ta ji sallama.

"Zauna, Auta, yanzun nan!"

Mai ya yi ƙara a kasko, kankana ta buɗe jajir. Kafin Adila ta gama cire takalmi faranti na kan tabarma, Iya ta wanke hannu ta matso.

Adila ta dubi farantin, ta sunkuyar da kai. "Inna, ramuwar azumi nake yi."

"Yau? Duk kwanakin Allah sai yau?"

"Sati guda ya rage a ga watan azumi, kuma saura mini kwana biyar."

"Ke dai tun kina goye komai naki sai ƙurarren lokaci."

Suka yi dariya, amma Iya ta san ramuwa ba a karya ta. Direba ya danna hon a waje. Ta juye rabi a kwano mai murfi, ta naɗe da jiƙaƙƙen tsumma ta miƙa mata. Nata rabin ta rufe ta ajiye gindin randa, ta zauna tana kallon inuwa na hawa katanga. Ko loma ba ta kai baki ba.

Da magariba wayar ta yi ƙara.

"Inna, an kira salla, muna hanya. Naki yana nan?"

"Yana nan."

"To ɗauko. Bisimilla."

Iya ta ajiye wayar a ɗaya gefen farantin, inda Adila ta zauna ɗazu. Tana jin taunarta cikin gurnanin mota.

"Cukun ya yi tauri, Inna."

"Ci haka nan, wa ya aike ki?"

Can sai layin ya yanke. Iya ba ta ɗauke wayar ba. Ta bar ta a wurin, ta ci gaba da ci a hankali har ta suɗe ruwan kankanar.