Maɓallin Roƙo a Shafin Kalolaine

Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu Kolonga ya san ƙarar bugun Kalolaine. Tun rana ba ta yi zafi ba za ka jiyo ta a bayan gida tana dukan ɓawon bishiya da gudumar katako, har ya baje ya zama ngatu, zanen da muke shimfiɗa wa amarya, muke kuma naɗe mamaci da shi. Ni ce maƙwabciyarta, Siosi'ana, ni nake riƙe mata bakin zane in za ta shafa rini. Shi ya sa abin nan yake cina har yau.

Dukiyar mace a nan ƙarƙashin katifa take. Gadon Kalo kuwa sai ta taka akwati take hawansa, saboda ngatu da tabarmin da ta jibge. Mace ce mai zuciyar tsiya, ko gishiri ba ta taɓa roƙona ba. Tun da mijinta Manase ya rasu ba ta da wani sha'ani sai bugu, sai coci, sai Asabar ta ɗauki tsintsiya ta je ta share kabarinsa, ta zuba masa sabon farin yashi.

Ɗanta Penisimani yana Auckland, can ƙasar waje. Rannan ya bugo a wayata, don tata ba ta nuna fuska.

"Kalo, kin tsufa, kin rame," ya ce. Mu nan 'ya'ya da suna suke kiran iyaye. "Na gyara miki ɗaki. Ki taho ki zauna da jikokinki."

"In taho wa zai share Manase? Kai?"

"To ji nan. Zan sa a buɗe miki shafi a intanet ki riƙa sayar da kayanki. In sana'ar ta riƙe ki zuwa Kirsimeti, na bar ki. In ba ta riƙe ki ba, zan zo da kaina."

Haka aka yi muka samu Soakai, wani abokinsa mai shagon kwamfuta a Nuku'alofa, babban birninmu, ƙato mai yawan gumi. Ya zo da kyamara ya ce a fito da komai. Kai, ranar ni kaina na riƙe baki. Muka ɗaga katifa muka baje kaya a kan ciyawa, tun daga bakin ƙofa har gindin mangwaro. Daga can ƙasa aka ciro wani baƙin ngatu mai zanen jemagu.

"Wannan ba na sayarwa ba ne," in ji Kalo. "Ɗan'uwansa yana jikin Manase a kabari. Wannan nawa ne, da shi za a naɗe ni."

"Ba komai, ado kawai zan yi da shi a saman shafin," in ji Soakai, ya ƙyasta hoto.

Da aka zo maganar farashi aka sha rigima. Soakai ya nuna mata cewa ƙarƙashin kowane hoto za a rubuta kuɗinsa, a sa maɓalli mai cewa "Saya".

"Rogo nake tallatawa?" ta ce. "In rubuta kuɗi a goshin ngatu duniya tana gani? Matan cocinmu su ce yunwa ta fito da matar Manase bakin titi?"

"Haba Kalo, ai haka ake yi ko'ina."

"Ba a gidana ba. Mai so ya yi magana cikin mutunci, mu daidaita a tsakaninmu. Ka rubuta kole a kan maɓallin."

Soakai ya share gumi ya kalle ni. Kole roƙo ne a yarenmu, kuma kowa ya san in ɗan'uwa ya yi maka shi ba ka da bakin cewa a'a. Na ce, "Ke Kalo, kin manta su wa muke da su a ƙasashen waje?" Ta harare ni ta ce baƙi ne za su gani, Turawa masu kuɗi. Soakai ya rubuta kole. Ya haɗa saƙonnin da wayata, tunda tata ba ta hawa intanet, ni zan riƙa karanta mata.

Shafin ya yi kyau, ba ƙarya. Penisimani da murnarsa ya tura shi cikin zauren hirar dangi na waya, wai a taya shi yaɗawa. Ai kuwa sun taya shi.

Saƙon farko daga jikar yayanta ne a Brisbane, za ta yi aure, tana kole tabarma mai jan gashin tsuntsu, hoto na uku. Na biyu ɗan ƙanin Manase, an yi masa haihuwar fari. Sai rasuwa a Amurka, sai naɗin wani fasto, sai wata da ni dai ban taɓa jin sunanta ba, amma ta jero kakanni har ta haɗu da Kalo. Da can sai mutum ya hau jirgi ya zo ya zauna ya sha kunya kafin ya roƙa, kuma bai san abin da ke ƙasan katifa ba. Yanzu ga komai a baje da hotonsa, sai dai ka zaɓa ka danna.

"Ki ce an sayar," na ce mata.

"In yi wa jinina ƙarya?"

"To ki bari Soakai ya canja kalmar mana!"

"Yanzu? Su ce don su na canja?"

Takaici ya sa na yi kwanaki ban leƙa ta ba. Amma saƙo a wayata yake sauka, dole na koma. Baƙon da ya saya mutum ɗaya ne tak, wata Baturiya, ita ma 'yar ƙaramar shimfiɗar tebur ta ɗauka. Kalo ta ƙara ƙaimi wajen bugu, har kafaɗarta ta kumbura, amma ngatu ɗaya wata da watanni yake ci, danna maɓalli kuwa ƙiftawar ido ne. Gado ya yi ta sauka. Ta ture akwatin takawa gefe.

Ana sauran kaɗan Kirsimeti saƙon Meleseini ya shigo daga Sydney. Ita ce babbar yayar Manase, gwaggon Penisimani, kuma a wurinmu babu mai tsallake maganar gwaggo. Ta rubuta cewa jikinta ya yi tsanani, tana shirin barin duniya, tana kole baƙin nan mai jemagu da ke saman shafin.

Na karanta, na ce, "Wannan kam bai iso ba. Zan goge shi, in ce waya ce ta lalace."

Kalo ta ce, "Riƙe mini can bakin." Muka ninke shi tare. Ina kuka ina zagin Soakai da kyamararsa, ita ko ƙwalla babu. Da muka mayar da katifa, a kan katako tsura ta sauka.

Penisimani ya zo kamar yadda ya ce. Ya leƙa ɗakin, ya ga gadon, bai tambayi komai ba. Kalo ta bar mini guduma da tsintsiya a bakin ƙofata ba tare da ta ce don me ba, ta shiga mota.

Shafin yana nan, an biya kuɗinsa na shekara. Hotunan duk suna nan kamar ba abin da ya taɓa su. Penisimani ya ce jikokinta sun koya mata buɗe shi, tana wuni a ɗaki da rigar sanyi tana kallon kayanta ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ɗin da ta wuce ina wanki wayata ta yi ƙara. Na ja tsaki, na ce wane marar kunyar ne kuma, me ya rage? Da na duba, an danna maɓallin ne a ƙarƙashin baƙin ngatu, sunan mai roƙo Kalolaine. Ta rubuta: "Siosi'ana, ina kole. Ki share mini Manase."

Na zauna a kan bokiti na yi kuka mai isata. Sannan na bar wankin a jiƙe, na ɗauki tsintsiyarta.