Mai Eriya da Injin Numfashin Inna

Shekara talatin ya yi yana gyaran rediyo a bakin kasuwa, har idonsa ya fara gajiya da ƙananan wayoyi. Da ya bar shago sai ya mayar da ɗakin ajiya tasharsa: tebur ɗaya, rediyon magana da mutanen nesa, da doguwar eriya a kan rufi. Unguwa ta laƙaba masa Mai Eriya. Matarsa kan ce mutanen da bai taɓa gani ba sun fi ta jin muryarsa.

Ranar da ruwa ya ci garin da autarsu take aure, layukan waya duk suka ɗauke. Mutum ɗaya ya sani a can mai irin rediyonsa, wani malamin makaranta. Da hantsi ya kunna, ya murɗa, ya kasa kunne. Muryar malamin tana tasowa, amma wani ƙugi yana danne ta.

Ya kashe firji, ya kashe fanka, ya zare caja. Ƙugin na nan daram. Ya bi wayar eriya da yatsa har bayan kabad, ya tarar ta kwanta jiki da jiki da wayar injin da ke ba mahaifiyarsa iskar numfashi a ɗakin kusa. Hannunsa ya kai kan fulogin injin.

"Malam, kada ka taɓa na Inna," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Minti biyu kawai."

"Ko daƙiƙa!"

Ya ji tarin tsohuwar ta bango. Ya janye hannu.

Sai ya ɓalle ƙusoshin wayar eriya, ya ɗauke ta daga wannan bango, ya bi da ita ta taga. Ya zaro wani baƙin zobe mai rage ƙugi daga cikin mataccen rediyo, ya nannaɗe wayar a jikinsa sau bakwai. Gumi na shiga masa ido, sukudireba ta suɓuce masa har sau biyu.

Ƙugin ya ragu, bai mutu ba, amma maganar malamin ta fito.

"Autarku tana saman rufin makaranta... ita da jaririnta..."

"Mijin fa? Maimaita!"

Sai a karo na uku ya ji: mijin na cikin kwalekwale, yana kwaso mutane.

Matarsa ta sulale ta zauna a ƙasa, tana ta hamdala. Shi kuwa ya jawo biro, don malamin ya fara karanto sunayen sauran waɗanda suka tsira. Har la'asar yana bin gidajen danginsu da takarda a hannu.