Na Ci Bak, Na Kasa Karanta Layi Ɗaya

Lokacin da abin nan ya faru shekaruna goma sha takwas, kuma ni ce mace ta farko a danginmu da ta kai ƙarshen lise, wato babbar sakandare, har ta ci jarrabawar fita da ake kira bak. A nan Tamanrasset aka haife ni. Mahaifina mutumin Damagaram ne, yana da shagon atamfa da turaren wuta a kasuwar Assihar. Na tashi da Hausa a gida, Larabci da Faransanci a lekkol, wato makarantar boko, shi ya sa tun ina ƙarama na zama bakin matan unguwarmu. Wadda aka ba takarda a buro, wato ofishin hukuma, wadda za ta asibiti ba ta jin abin da ake faɗi, duk ƙofarmu suke bugawa. Da ina jin daɗin haka. Bayan sakamako ya fito aka yi guɗa aka raba dabino, sai na fara ganin kamar na girmi wannan aikin.

Watannin da na yi ina jiran a faɗa mini jami'ar da za ni, ban san yadda zan kwatanta su ba. Jikina na gida, hankalina ya riga ya tafi. Kullum bayan la'asar nakan hau saman ɗaki in zauna ina kallon duwatsun da suka kewaye gari, rana tana sauya musu launi daga ja zuwa ruwan toka, gajimare yana taruwa a kansu kamar za a yi ruwa, kuma ba a yi. A can nake ƙera rayuwata. Ina ganin kaina a babban birni na bakin teku, tekun da ban taɓa gani ba sai a waya, sanye da farar rigar likita, ina tafiya cikin dogon baranda mutane suna matsa mini. Har asibitin da zan gina wa talakawa na zana a zuci, da launin bangonsa da itatuwan da zan shuka a tsakar gidansa. A bikin rabuwa da aka yi mana a lekkol, wani malaminmu ya ce gobe a hannunmu take. Na ɗauki maganar na riƙe, amma a tunanina goben nan tana can nesa, bayan shekara bakwai na karatu, ba ta da wata alaƙa da lungunmu.

Muna da maƙwabciya, mutuniyar Maraɗi, wadda nake kira Inna. Tana dafa shinkafa da wake tana kai wa masu aikin gini a unguwar Gataa El Oued, inda mijinta ma yake aikin magini. Mutum ne mai shiru, yana fama da ciwon suga. Tun ranar da na ci bak Inna ta daina kiran sunana, sai dai ta ce lokotoronmu, wato likitarmu, tana dariya. Wata la'asar ta hau har inda nake zaune, tana haki saboda matakala, riƙe da kwalin magani. Ta ce an sauya wa maigidanta magani, mai farmasi ya yi bayani da Larabci da sauri ba ta kama ba, amma ya rubuta a jikin kwalin, in duba mata. A lokacin ina kallon hotunan wata jami'a a waya. Na karɓi kwalin da hannu ɗaya, na ga lamba ɗaya da lamba biyu da biro, na ce mata ƙwaya ɗaya sau biyu a rana. Ta sake tambaya ko na tabbata. Har yau ina jin muryata lokacin da na ce mata, Inna, wannan ai ba wani abu ba ne. Ta sa mini albarka ta sauka.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, Inna ta faɗo gidanmu mayafinta a hannu. Jiri ya ɗebi mijinta yana saman katakon gini, ya faɗo. Mahaifiyata ta ce in bi ta asibiti maza, tunda ni ke jin harshensu. Mun same shi kwance an ɗaura masa ruwa, ƙafarsa ta dama ta karye a cinya, fuskarsa ta yi fari kamar ba shi ba. Likitan ya ce sugansa ne ya sauka ƙasa ƙwarai, ya nemi ganin maganin da yake sha. Inna ta ciro kwalin daga jaka. Ya tambayi yadda ake ba shi, ta faɗa da Hausa, ni kuma na mayar masa da Larabci da bakina. Sai ya juyo da kwalin ya nuna mini rubutun. Tsakanin ɗayan da biyun akwai ɗan layi a karkace. Rabin ƙwaya ne, sau ɗaya da safe, har an rubuta kalmar safe a ƙasa. Kwana uku mutumin yana shan ninki huɗu na abin da aka ce, yana hawa gini cikin rana.

Likitan ya ce in tambaye ta wa ya gaya mata haka. Na juya na tambaye ta, kamar ban san amsar ba. Inna ta dube ni, ba da fushi ba, irin kallon da ake yi wa yaro mai zazzaɓi, ta ce, “Ki ce masa ni ce na rikice, 'yata. Tsufa ne.” Ni kuwa na faɗa masa haka. Na tsaya ina fassara mata faɗan da yake yi, kalma bayan kalma, cewa sakaci irin wannan yana kashe mutum, cewa in ba ta iya karatu ba ta nemi wanda ya iya. Tana sunkuye tana cewa to, to.

Sati biyu na yi ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da hawa saman ɗaki, amma duk lokacin da na rufe ido don in koma birnin nan nawa, sai in ga katakon gini. Abinci ya daina shiga. Inna kuma ba ta fasa gaishe ni ba, kullum ta dawo daga asibiti sai ta leƙo ta ce mai jiki da sauƙi, wannan ya fi komai ci mini rai. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sami mahaifina shi kaɗai yana haɗa shayi, na durƙusa na faɗa masa komai. Bai daka mini tsawa ba. Ya daɗe yana juya shayin daga kofi zuwa kofi, sannan ya ce shi bai taɓa shiga aji ba, amma bai taɓa yanka wa mutum atamfa ba tare da ya auna sau biyu ba. Ya ce in ɗauko mayafina.

Tare muka je asibitin. A gaban mahaifina na gaya wa mijin Inna cewa ni ce, ba matarsa ba. Ya ce ya sani tun ranar farko, kuma ya yafe, abin da Allah ya rubuta ne. Amma ya roƙe ni abu ɗaya. Ya ce matan nan da ke zuwa wurina ba su da wani idon sai nawa, kada abin da ya faru ya sa in rufe musu ƙofa don tsoro. Ƙafar ta haɗe, amma da ɗingishi, bai sake hawa gini ba. Yanzu shi ke zama wurin tukunyar Inna yana zuba wa ma'aikata abinci, mutumin da ya yi shekara ashirin yana ɗora bulo.

Ban tafi bakin teku ba. Makin da na samu bai kai na karatun likita ba, na shiga makarantar koyon aikin jinya, kuma yau ina aiki a nan garin. Ranar Asabar mata kan taru a zaurenmu ina koya musu lambobi, da yadda ake gane rabi da ɗaya, safe da dare, a jikin kwalin magani. Inna ce ta fara zuwa.

Na rubuto ne saboda ƙannena da za su karɓi sakamako bana. Za a yi muku guɗa, za a ce ku ne manyan gobe, kuma gaskiya ne. Ku yi mafarkinku, ban hana ku ba, ni ma har yanzu ina yi. Sai dai ku sani tun ranar da aka ce kun yi karatu, akwai wanda zai miƙo muku takarda ya yi aiki da duk abin da kuka faɗa ba tare da ya tambayi kowa ba. In an miƙo muku, ku ajiye abin da ke hannunku ku karanta har ƙarshe. In ba ku gane ba, ku ce ba ku gane ba. Ni an yafe mini, amma kullum da safe ina jin takun mutumin nan yana wucewa ta ƙofarmu, ƙafa ɗaya tana jan ƙasa.